TSAUNUKAN BIU DA RUWAN WIKKI: Dukiyar Da Ke Bayan Ɗakin Mutumin Fataskum

Ƙasar Fataskum shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Duk wanda ya tsaya a bayan garin Ngojin da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, ya duba gabas ya duba yamma, ba abin da zai tare masa ido sai kuka da tsamiya da ƙurar shanun da a ke korawa kasuwa. Saboda haka in aka ce wa manomin wannan wuri tafiyar yini guda ce kurum a mota tsakaninsa da duwatsun da suka taɓa aman wuta, da tafkin da ke zaune cikin maƙogwaron dutse, da ruwan da ke fitowa daga ƙasa da ɗuminsa ba tare da an hura masa wuta ba, to, ba laifinsa ba ne in ya ɗauka labarin ƙasashen Turawa a ke ba shi.

Amma kuwa magana ce tabbatacciya. Kudu maso gabas da Fataskum akwai tsaunukan Biu cikin Jihar Barno, kudu maso yamma kuwa akwai ruwan ɗumi na Wikki cikin dajin Yankari a Jihar Bauci. A ƙasashe irin su Japan da Aisland da Kenya, mutane su kan yi tanadin kuɗi shekara guda cur don su je su hau irin waɗannan duwatsu, su yi wanka cikin irin wannan ruwa. Nan kuwa direbobin manyan motoci na Fataskum, waɗanda ba lungun Nijeriya da ba su shiga ba, sun daɗe suna ratsa tsaunukan Biu, amma yawancinsu abin da suka sani game da wurin bai wuce hawa mai shan mai da gangara mai ƙona birki ba.

Har zuwa ran 27 ga Agusta 1991, sa'ad da aka cire Jihar Yobe daga cikin Barno, Fataskum da Biu jiha ɗaya su ke. Watau wannan dukiya ba ta baƙi ba ce, ta gida ce, sai dai masu gidan ba su waiwaye ta ba.

HANYA BIYU ZUWA BIU

Mai son zuwa Biu daga Fataskum hanya biyu ke gabansa. Ta farko ita ce ya nufi gabas zuwa Damaturu, tafiyar kamar kilomita 100, sa'an nan ya karya kudu ta Buni Yadi, ya wuce Buratai da Miringa, ya faɗa Biu. Wannan ita ce ta fi kusa, kuma ta nan tudun ke hauhawa sannu a hankali, har matafiyi ba zai farga ba sai ya ga jan yashi ya ƙare, baƙin dutse ya warwatsu ko'ina cikin gonaki, ga 'yan tsaunuka masu siffar malfa suna ɓullowa dama da hagu.

Ta biyu ita ce ya gangara kudu ta ƙasar Fika zuwa Gwambe, ya juya gabas ya ƙetare Kogin Gongola a Daɗin Kowa, ya bi ta Kwaya Kusar. Ta fi nisa, amma ta wannan gefe ne tudun ke miƙewa tsaye, mota ta yi ta nishi tana kewaya kwana bayan kwana, in mutum ya waiwaya ya hangi kwarin Gongola a shimfiɗe can ƙasa.

Ba daɗin kallo kaɗai ke sa a zaɓi hanya ba. Tun da fitinar Boko Haram ta tsananta, hanyar Damaturu zuwa Biu ta ga tashin hankali iri iri. A Buni Yadi ne aka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ran 25 ga Fabrairu 2014, aka kashe 'yan makaranta 59, kuma har cikin shekarar 2025 an kai hare-hare a wannan yanki. Saboda haka kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro halin da a ke ciki a makon, kada kuma ya yarda dare ya riske shi a kan titi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

WUTAR DA TA YI BARCI

Faɗin tudun Biu ya kai kamar murabba'in kilomita 5,000, tsawonsa kuwa bisa bakin teku ya kai kimanin mita 700. Wannan tsawo shi ya sa iskar wurin ta fi ta Fataskum sanyi, musamman da dare. Daga nan ne rafuka da dama ke gangarawa su faɗa Kogin Hawul da Kogin Gongola.

Masana ilmin duwatsu sun ce a da can ba tudu a wurin. Ƙasa ce ta tsattsage, narkakken dutse ya riƙa kwararowa daga cikinta ja wur kamar ƙarfe a maƙera, ya malale ya daskare, wani ya sake zubowa a kansa, bene bisa bene, har ya zama wannan tudu. Bisa ga awon da suka yi, aikin ya soma ne kimanin shekara miliyan 5 da suka wuce. Daga baya wutar ta riƙa fasowa ta ƙananan kafofi, tana watso tsakuwa da toka su taru a kewayen kafar, su ne tsaunukan nan masu siffar malfa. An ƙirga fiye da 80, da yawansu a jere daga arewa zuwa kudu a wajejen Miringa.

Wanda ya hau ɗaya daga cikinsu zai ga abin da ba ya ganuwa daga ƙasa. Kan dutsen ba tsini ba ne, rami ne kamar akushi, wani ma gefensa guda a fashe ya ke, ta inda narkakken dutsen ya ɓalle ya gangara. In ya ɗauki tsakuwar da ke ƙarƙashin ƙafarsa zai ji ba ta da nauyi, ga huji huji kamar soso, saboda iskar da ta kumbura ta tun tana narke. Ba a bukatar igiya ko wani kayan aiki don hawa yawancin waɗannan tsaunuka, ƙafa ce kurum da numfashi da haƙuri.

Ba Biu kaɗai ke da irin wannan tarihi ba. Masana suna lissafta ta a matsayin ƙarshen arewa na wani dogon jerin duwatsu masu aman wuta, wanda ya faro daga tsibiran da ke cikin Tekun Atlantika, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya ratsa tuddan Bamenda da na Adamawa. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da kuma 2000. Na Biu kuwa sun yi shiru tun dubban shekaru.

Wannan baƙin dutse shi ya tsara zaman mutanen wurin, watau Babur da Bura, da Fulanin da ke kiwo a tsakaninsu. In ya ruɓe ya kan zama ƙasa mai albarka, mai ba da dawa da masara da gyaɗa da auduga, amma sai manomi ya tsince duwatsu ya jera su a gefen gona kafin fartanya ta shiga. Wahalar hawa kuwa ta zame musu garu a zamanin yaƙe-yaƙe, mahaya dawaki ba su jin daɗin irin wannan ƙasa. Tarihin masarautar Biu ya nuna Yamtarawala ne ya kafa ta wajen shekarar 1535. Sai dai tudun na da tasa masifar, ita ce ƙarancin ruwa da rani, domin haƙa rijiya cikin baƙin dutse ba wasa ba ne. Madatsar ruwan da aka soma ginawa don garin Biu tun cikin shekarun 1980 ta yi shekaru aru-aru ba a kammala ta ba.

TAFKIN TILA

Abin da ya fi kome jawo baƙo a wannan tudu shi ne Tafkin Tila, wanda ke kudu da garin Biu. Mutum zai yi ta tafiya bai ga alamar ruwa ba, sai ya hau wata ganuwa ta dutse, kwatsam ya ga ƙasa ta buɗe a gabansa, ga ruwa can ƙasa a kewaye da bango ta ko'ina. Irin wannan rami ya kan samu ne in narkakken dutse ya taso ya gamu da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Nan take ruwan ya zama tururi, ƙasa ta fashe da ƙarfin da ya fi na nakiya, daga baya ruwa ya taru cikin ramin.

Tafkin ya shahara da kadoji tun zamanin da. A tsohuwar al'adar mutanen wurin ba a kashe su, don an ɗauka ran kowane kada a haɗe ya ke da ran wani mutum, in kada ya mutu, to, akwai gidan da za a yi makoki. Wannan imani ya ja baya da shigowar Musulunci da Kiristanci, amma ya kamata a lura da abu guda: muddin yana da ƙarfi, ba mafaraucin da ya isa ya taɓa dabbobin. Da ya raunana, sai a nemi abin da zai maye gurbinsa wajen tsaronsu, watau doka da ilmi.

Akwai kuma wata dukiya a ƙarƙashin ruwan wadda ido ba ya gani. Kowace shekara ƙurar furen itatuwa da ciyayi ta kan faɗa tafkin ta kwanta cikin laka, ta bana bisa ta bara, kamar shafukan littafi. Wani masani Bajamushe, Ulrich Salzmann, tare da abokan aikinsa, sun haƙo wannan laka sun bincika, suka buga sakamakon a 2002. Sun karanta tarihin yanayin wurin na kimanin shekara 17,000. Suka gano cewa tsakanin shekara 8,500 da 7,000 da suka wuce ruwan sama ya yi yawa ƙwarai, tafkin ya cika, itatuwan da a yau sai can kudu a ke ganinsu suka rufe tudun. Daga nan sai ƙasa ta soma bushewa sannu sannu, bushewar ta ƙara ƙarfi tun kimanin shekara 3,800 da suka wuce, ba ta kuwa tsaya ba har yau.

Wannan labari ya shafi manomin Ngojin kai tsaye. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da ƙarancin ruwa ke yi wa gero da shanu. Lakar Tila ta nuna cewa ƙasar nan ta daɗe tana kan hanyar bushewa, saboda haka duk bishiyar da aka sare ba a dasa wata ba, an taimaki hamada ne kan aikin da ta riga ta ɗauko.

DARASIN NYOS

Mai karatu na iya tambaya, shin tafkin da ke cikin bakin dutse mai aman wuta ba shi da haɗari? Tambayar tana da dalili. Daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, cikin wannan jerin duwatsu, ya saki muguwar iska mai shaƙe numfashi. Iskar ta fi wadda a ke shaƙa nauyi, saboda haka ta gangara cikin kwari ta kwanta bisa ƙauyuka mutane suna barci. Gari ya waye mutum 1,746 sun rasu, tare da dabbobi kimanin 3,500. Shekara biyu kafin haka, a 1984, Tafkin Monoun ya yi irin wannan ya kashe mutum 37.

Bambancin shi ne zurfi. Nyos ya zarce mita 200, nauyin ruwan sama ya danne iskar a ƙasa shekara da shekaru, kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. Tila kuwa ba shi da zurfin da zai riƙe iska haka. Tun 2001 aka soma kafa bututu a Nyos don fitar da iskar kaɗan kaɗan. Nijeriya ma ta gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba, bisa Kogin Katsina-Ala, ɗaya daga cikin dalilan gina ta shi ne ta tare ambaliya in bangon Nyos ya ɓalle. Darasin da ke ciki shi ne, dutsen da ya yi barci ba a daina sa masa ido.

RUWAN DA BA A HURA WA WUTA BA

Wanda ya gaji da hawa, jikinsa zai nemi ruwan ɗumi, amma shahararrun maɓuɓɓugan wannan yanki ba a kan tudun su ke ba, a kwaruruwan da ke kewaye su ke. Dalili kuwa, ba lalle sai da dutse mai aman wuta ruwa ke ɗumi ba. Cikin ƙasa da zafi ya ke ko'ina. Duk kilomita guda da aka nutsa, zafi ya kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. In ruwan sama ya bi tsaguwar dutse ya nutsa can ƙasa, ya ɗauki zafi, ya kuma sami wata kafa ya taso da sauri kafin ya huce, shi ke nan an sami maɓuɓɓugar ruwan ɗumi. Ba aikin aljanu ba ne, hikima ce ta Mahalicci.

Wadda ta fi suna ita ce Wikki. Daga Biu a kan koma Gwambe a kama hanyar Bauci, daga Fataskum kuwa a bi ta Darazo zuwa Bauci. A Dindima a ke barin babban titi a nufi ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran kamar kilomita 40 cikin daji kafin masaukin baƙi. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ran 1 ga Disamba 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa Jihar Bauci a 2006.

Ruwan Wikki yana fitowa ne daga gindin wani bangon dutsen yashi, garau kamar madubi, har mutum na ganin farin yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina, ba ya canzawa. Abin da ya ke zubarwa kowace rana ya kai lita miliyan 21, yana gangarawa cikin Kogin Gaji, wanda giwaye da ɓauna da sauran namun dajin ke dogara da shi da rani. Da tsakar rana ruwan ya kan yi kamar mai sanyi, amma da asubahin hunturu, sa'ad da haƙora ke kaɗawa, mutum ya shiga ba ya son fita. Sai dai baƙo ya kula da kayansa, domin gwaggon biri na wurin ya ƙware da fizgen abinci.

Ga wani abin da zai ba mutumin Fataskum sha'awa. Shimfiɗar dutsen yashin da dajin Yankari ke kai, masana suna kiranta Kerri-Kerri, sunan da aka aro daga ƙabilar Karekare. Ita ce dai ta miƙo arewa har ƙarƙashin ƙasar Fataskum. Watau mai haƙa rijiya a Ngojin da mai wanka a Wikki, dutse ɗaya ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Wanda ya ke son zafi sosai sai ya nufi Lamurde a Jihar Adamawa, yamma da Numan, inda akwai maɓuɓɓugar da a ke kira Ruwan Zafi. Zafinta ya kai digiri 54, ya isa ya ƙona fatar yaro, saboda haka ba a faɗa mata kai tsaye. Mutane da yawa su kan je irin waɗannan wurare neman magani. Gaskiya ne ruwan ɗumi yana sassauta gajiya da ciwon gaɓoɓi, amma ba ya maye gurbin asibiti, mai ciwon zuciya da mace mai ciki kuwa su nemi shawarar likita tukuna.

SHIRIN TAFIYA

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa ya ɗauke, ciyawa ta kwanta, zafin bazara bai iso ba. A fara hawa da sassafe, a sauko kafin rana ta take. A riƙe ruwan sha isasshe, da rigar sanyi, da takalmi mai rufe ƙafa har idon sawu, don tsakuwar tana da kaifi, ga kuma kububuwa wadda ke son ƙasa mai duwatsu. In tsautsayi ya auku, kada a tsaya tsaga ko ɗauri, a garzaya asibiti. A Kaltungo cikin Jihar Gwambe akwai asibitin da ya shahara da jiyyar saran maciji.

Kada a yi wanka cikin tafki ko kududdufi, saboda kada da kuma ciwon tsargiya. Kafin a taka kowane dutse a fara zuwa gaida mai gari, a faɗa masa abin da ya kawo mutum, a roƙe shi ɗan jagora, a kuma sallami jagoran da abin kirki. A zamanin nan baƙon da aka gani bisa dutse ba wanda ya san da zuwansa, zai jawo wa kansa zargi. Matambayi ba ya ɓata. Haka nan mai zuwa Yankari ya bincika labarin hanya, gama ƙauyukan ƙasar Alƙaleri da ke kewaye da dajin sun yi fama da 'yan bindiga a 2025.

ABIN DA YA RAGE

A Kenya, zafin ƙarƙashin ƙasa ba abin kallo kaɗai ba ne. Tun 1981 suka soma samun wutar lantarki daga tururin Olkaria, yau kuwa kashi mai tsoka na wutar ƙasar daga nan ya ke fitowa. Ruwan Wikki da na Lamurde ba su kai wannan zafi ba, amma suna da nasu amfanin, tsaunukan Biu ma haka. Direba zai sami fasinja, mai abinci ta sami ciniki, saurayin ƙauye ya sami aikin jagora maimakon zaman banza, ɗan makaranta kuma ya taɓa da hannunsa abin da ya ke haddacewa a darasin labarin ƙasa.

Abin da a ke bukata ba mai wuyar ganewa ba ne. Na farko tsaro, don ba mai zuwa yawon buɗe ido da ransa a hannu. Na biyu hanya mai kyau zuwa bakin Tila, da rumfar hutawa, da allon da zai bayyana wa baƙo tarihin wurin cikin Hausa da Bura da Turanci. Na uku a hana sare itatuwan da ke bangon tafkin da noma har bakin ruwa, domin ƙasar da ruwan sama ke wankowa ita ke cike shi. Biu tana da Jami'ar Sojojin Nijeriya tun 2018, Damaturu tana da Jami'ar Jihar Yobe, Fataskum kuma tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya. Babu dalilin da zai sa a jira sai masana sun zo daga Jamus kafin a karanta abin da ke rubuce cikin lakar Tila.

Ya kamata gwamnatocin Yobe da Barno da Bauci da Adamawa su haɗa kai a kan wannan, sarakuna su taimaka, shugabannin makarantu kuma su sa shi cikin shirinsu da zarar hanya ta yi lafiya. Gani ya kori ji, kuma abin da mutum bai gani ba, ba zai san darajarsa ba balle ya tsare shi. Allah Ya maido da zaman lafiya a wannan yanki, amin.